Minti Arba'in a Bakin Gada

Litinin, 28 ga Afrilu, 2025

Kwana ashirin da ɗaya yau da rasuwar matata Iyatu. Na ciro wannan littafin daga ragowar na 'yan makaranta da ke ƙasan akwati. Shekara talatin da huɗu ina gyara rubutun yara da jan biro, yau ga nawa a karkace kamar na ɗan aji ɗaya.

Nafisatu ta kira daga Ngaundere bayan la'asar, ta taso daga aikin asibiti. Tambayarta ɗaya ce, karo na huɗu ke nan: "Baba, da gaske Inna ba ta ce komai ba?" Na maimaita mata abin da na saba. Ciwon ƙirjin ya taso, na sa ta a mota, muka wuce asibiti kai tsaye, ba a samu lokacin magana ba.

Ƙarya ce. Iyatu ta yi magana, kuma saƙo ta ba ni zuwa ga 'yarta. A cikin mota ta ba ni shi, motar tana tsaye a bakin gadar Binuwai, inda muka yi minti arba'in saboda fankar lagireto ta ƙi juyawa. In na ba da saƙon, dole in faɗi inda aka ba ni shi. Nafisatu ma'aikaciyar jinya ce. Ta san abin da minti arba'in ke yi wa mai ciwon zuciya.

Talata, 29 ga Afrilu

Zafi. Na dafa shayi na mutum biyu, sai da na zuba na lura.

Laraba, 30 ga Afrilu

Motar tana nan ƙarƙashin darbejiya tun ranar da Adoum bakanike ya jawo ta daga bakin gada. Ya ce injin bai ƙone ba, Allah ya tsare. Ban ko ɗaga kafo, murfin injin, ba. Amma Nafisatu za ta zo sadakar arba'in ranar 17 ga wata mai kamawa, ita kuwa ba ta kwana biyu a gidan nan ba ta karɓi makulli ba. In ta tarar da mota a mace, za ta tambaya tun yaushe. Sai na gyara kafin ta iso.

Bari in rubuta abin da ke cina, ko ya rage.

A Garwa babu mai barin fankar mota yadda masu ƙera ta suka yi ta. Akwai ɗan wani abu da ke maƙale a jikin lagireto, suna ce masa sond, shi ke jin zafin ruwa ya tada fankar, in ruwa ya huce ya kashe ta. Kanikawanmu ba su yarda da shi ba. Tsallake shi suke yi su haɗa waya kai tsaye, da ka murɗa makulli fanka ta tashi, ba ta tsayawa sai ka kashe mota. Shi suke kira direk. Bara, kafin azumi, Adoum ya ce a yi wa tawa haka. Na ƙi. Na ɗauko littafin motar, na karanta masa shafin da Faransanci, na fassara masa, har da nuni da yatsa. Ya saurara har na gama, sannan ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, "Metir, zafin Garwa bai karanta littafinka ba." Iyatu tana tsintar shinkafa a gefe, ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi.

To in fankar ce da kanta ta ƙone, ko direk ɗin ba zai hana abin da ya faru ba. Ƙaddara ke nan. Haka nake zato. Fanka mai shekara ashirin da wani abu, ai ta yi ƙoƙari.

Alhamis, 1 ga Mayu

Ranar ma'aikata. Ana jin ganguna daga hanya. Ban fita ba.

Juma'a, 2 ga Mayu

Bayan na dawo daga masallaci na buɗe kafo. Da kaina zan yi, ba na son kowa ya taɓa. Na fara cire wayar batir kamar yadda littafi ya ce. Na zare mahaɗin wayar fankar, robarsa ta bushe, kunne ɗaya ya karye a hannuna. Kusoshi huɗu ne ke riƙe da gidan fankar, sifana mai lamba goma. Biyun sama sun fito ba gardama. Biyun ƙasa sai an sunkuya an zura hannu har kafaɗa. Na sunkuya, idona ya yi duhu, na riƙe jikin motar har ya wuce.

Da ina ɗaga buhun gero in sa a but. Yanzu kusa ɗaya ta zaunar da ni a ƙasa ina haki.

Asabar, 3 ga Mayu

Ta fito. Da sassafe na yi, kafin rana ta hau. Sai da na kwance bakin tiyon sama na kautar da shi, ruwa mai tsatsa ya zubo mini a ƙafa. Bayan hannuna ya kuje, fatar tsoho ba ta da wuyar yagewa. Fankar tana nan a zaure, na jingine ta da bango. Fiffike bakwai, baƙi, laka ta daskare a kansu. Na juya ta da yatsa, ta juya. Wannan ba ya nuna komai, ƙunar a ciki take.

Nafisatu ta kira. Yau ba ta tambaya ba, kuka kawai ta yi. Kwana uku kafin rasuwar sun yi faɗa a waya. Ta dage uwar ta je Ngaundere a duba mata zuciya, uwar ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai ba, ban iya ko dama koko ba. Nafisatu ta ce, "To ki zauna, in kin faɗi kada a kira ni," ta kashe waya. Maganarsu ta ƙarshe ke nan. Yau cewa take, "Baba, ta tafi tana fushi da ni." Na ce a'a. Ta ce, "Ta yaya ka sani, tunda ba ta ce komai ba?"

Ta gaji da jira ta yi sallama.

Litinin, 5 ga Mayu

Na shiga gari neman fanka. Daga unguwarmu Bokle babu hanyar shiga Garwa sai ta gadar nan. Na hau moto, babur ɗin haya, tsohuwar fankar a buhu a kan cinyata. Da muka doshi wurin na rufe ido, ban buɗe ba sai da na ji ƙarar taya ta sake. Iyatu ta sha cewa gina gida a ƙetaren kogi kuskure ne, da mun zauna a Hausare cikin dangi. Ni na ce fili ya fi arha, iska ta fi kyau.

A layin masu kayan okaziyo, wato na hannu, na faɗa shagon wani ƙato mai tumbi. Ina ciro fankar sai ya miƙe tsaye ya cire hula. Ashe Maxime ne, ɗalibina na aji shida, ban gane shi ba. Ya ce, "Metir, kai ne ka ba ni sifili a dikte, shiftar nan taka, sau uku a jere." Na ce ai ka cancanta. Ya ce, "Ka ga inda sifilin ya kawo ni, shago biyu da mata mai digiri." Na yi dariya, ita ce ta farko tun ranar. Da ya tambayi Madam na gaya masa. Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya yi mini sannu irin ta mutanen nan, ya ce, "Asiya, Metir. Ita ce ke ba mu ƙosai in ka tsare mu da yamma." Ni na manta da wannan ma.

Ya tono mini guda uku. Na auna ramukan kusoshi da zare, na ƙirga fiffike, na duba bakin mahaɗi. Ɗaya ta yi daidai. Yana sa mini a buhu yana cewa, "In ka ɗaura, a yi mata direk kawai, Metir." Ya ce in bar masa tsohuwar. Na ce a'a, da ita zan koma.

Talata, 6 ga Mayu

Kwance. Moto ya karya mini baya.

Alhamis, 8 ga Mayu

Tunda hannu ba ya iya sifana yau, bari ya riƙe biro. Ina tsoron kada kalmomin su fara sauya mini a kai.

Ranar Talata ce, 8 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya saura. Ta ce ƙirjinta kamar an ɗora turmi. Kafin gada muka tarar da manyan motocin auduga sun jeru, ana tafiya taku-taku. Ina kallon allurar zafi tana hawa, ina jiran in ji fankar ta tashi. Ba ta tashi ba. Tururi ya fito, injin ya mutu, na gangara gefe. Ba a yi minti biyar ba hanya ta buɗe, motoci suka yi ta wuce mu.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ban tsaida kowa ba. Na ce mata yanzu zan gyara. Na buɗe kafo, na ɗauko littafin daga aljihun mota, ina neman shafin. Na jira ruwan ya huce don littafi ya ce kada a buɗe murfi da zafi. Na je na roƙo ruwa a wurin masu wankin babura. Na zuba, na tada, allura ta koma ja nan take. Sai a lokacin na ɗaga hannu, wani mai ɗaukar albasa ya tsaya. Na duba agogo da muka tsaya, na duba da muka tashi. Halin malamin makaranta. Minti arba'in. Mun isa asibiti, ba ta yi kwatan awa ba ta cika.

Lokacin da nake fama da shafuka ta kira ni ta taga. Fuskarta ta yi toka-toka, amma sai da ta ce, "Me littafin ya ce, Metir?" Tana murmushi. Sannan ta ce in matso.

Nafisatu 'yar fari ce. Shekara arba'in da ɗaya Iyatu ba ta taɓa kiran sunanta ba, kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. "Yarinyar nan" take cewa, ko "ta Ngaundere". Ko a gabanta sai dai "ke". Na sha yi mata lacca cewa wannan al'ada ta wuce, ta ce in bar ta da abinta. A motar nan ta riƙe hannun rigata ta ce:

"Ka gaya wa Nafisatu ita ce da gaskiya, da na bi ta. Ka ce ban riƙe ta da komai ba. Ka ce mata Nafisatu, haka na faɗa, da sunan."

Wata guda ke nan abin nan yana hannuna, ba nawa ba ne.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na ɗaura sabuwar. Tun bayan asuba har hantsi, ina yi ina hutawa a kan kujerar roba. Kusoshi huɗu, tiyo, mahaɗi, wayar batir. Na cika lagireto da ruwa. Na tada mota, ta tashi bugu ɗaya kamar ba ta yi komai ba. Na tsaya a gabanta ina jira. Allura ta kai rabi. Ta wuce rabi. Fankar ko motsi.

Na kashe. Maxime ya sayar mini da matacciya, sifilin nan bai bar shi ba. Haka na yi ta faɗa wa kaina har azahar. Bayan la'asar na kira Adoum.

Asabar, 10 ga Mayu

Adoum ya zo da hantsi da jakar kayansa. Mutumin Kusiri ne, shekara goma sha biyar yana duba motar nan. Ya ga aikina ya jinjina kai. "Metir, in fansho ya ƙi, ka zo gareji, ina neman mai ɗaure kusa." Ya ciro waya biyu ya haɗa sabuwar fankar da batir kai tsaye. Ta tashi da ƙarfi, har ta kaɗa masa riga. Ya ce Maxime ba shi da laifi. Ya duba fis, lafiya. Ya kwance sond ɗin, ya kalle shi, ya jefa a aljihu, ya ɗaura wani da ya zo da shi. Aikin bai kai minti goma ba. Muka tada mota, allura ta kai rabi, fankar ta tashi da kanta.

Bai ce a yi direk ba. Ko sau ɗaya bai ambata ba.

Na ce masa, to tsohuwar fa? Ya shiga zaure ya ɗauko ta, ya juya ta, ya kai hanci ya sunsuna. Ya ce, "Ta ƙone, Baba. Kaf. Su biyun suka mutu tare, ita da sond. Ko me aka yi mata ranar nan ba za ta tashi ba." Bai taɓa ce mini Baba ba, kullum Metir ne. Kuma wayoyin gwajin suna rataye a wuyansa, bai sa mata ba. Ya ce bari ya tafi da ita ya jefar. Na ce ya bar ta. Ya sake cewa zai rage mini shara ne. Na ce ya bar ta.

Ya ƙi shan shayi. Ya ce ana jiransa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Mota ta gyaru. Bakanike ya ce ƙaddara ce. Me kuma nake nema?

Litinin, 12 ga Mayu

Na yanko waya biyu daga tsohuwar fitila, na feƙe bakinsu da reza. Na ɗauko fankar daga zaure na ɗora a kan kujerar roba kusa da mota. Na daɗe a tsaye. Na ce wa kaina mutum mai shekara saba'in da takwas ba ya bukatar sanin komai. Sannan na taɓa wayar a kan batir.

Ta tashi. Ba ko gargada. Ta kwashe busassun ganyen darbejiya ta watsa su har bakin ƙofa, busasshiyar lakar jikinta ta feso mini a fuska. Lafiyarta ƙalau. Ranar nan ma lafiyarta ƙalau, jira take a ba ta wuta, abin da zai ba ta ya mutu, ni kuma na hana a tsallake shi. Waya mai tsawon hannu ɗaya. Ko a bakin gadar, da na san abin da kowane bakanike a garin nan ya sani, da na haɗa ta cikin minti biyu.

Na bar ta tana juyawa har wayar ta yi zafi ta ƙona mini yatsa.

Talata, 13 ga Mayu

Ban ci komai ba. Ba azumi nake ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Na kira Adoum na ce ya zo ya yi mata direk. Ya ce, "Sond ɗin sabo ne, Metir, zai kai shekaru." Na ce na sani. Ya zo da yamma. Ya ga tsohuwar fankar a kan kujera da wayoyi biyu a jikinta. Ya yi aikinsa. Da zai tafi ya ce, "Allah ya ji ƙan Hajja." Yau ya sha shayin.

Alhamis, 15 ga Mayu

Gobe za ta iso. Na wanke motar, na share ɗakinta. Babu abin da zai nuna. Adoum ba mai surutu ba ne, mai albasa kuwa ban ko san sunansa ba. Zan iya mutuwa da maganar nan, babu wanda zai sani. Ita kuma ta rayu shekara talatin ko arba'in tana zaton uwarta ta tafi da fushinta.

Ita kaɗai ta rage mini. Biyun da suka biyo ta tun suna ƙanana suka koma. In ta juya mini baya, wanda zai kira ni a waya ya ƙare.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ta iso da motar safe. Ta rame. Ta tsaya a ƙofar ɗakin uwarta, ba ta shiga ba. Ta kama hannuna ta ga kujewar da ƙunar, ta ce me ya same ni. Na ce aikin gida. Ta danna mini ƙafa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ce tun yaushe ƙafafuna ke kumbura. Na ce zafi ne. Ta ce, "Haka Inna ta ce."

Asabar, 17 ga Mayu

An yi sadaka. Dangi sun ƙetaro daga Hausare, malamai sun sauke Alƙur'ani, an raba waina da gumba. Gida ya cika har azahar, kafin la'asar ya koma yadda yake. Kowa ya ce mini ta yi kyakkyawan ƙarshe, ba ta sha wahala ba. Na yi ta cewa amin.

Lahadi, 18 ga Mayu

Da safe ta ce in ba ta makulli za ta mayar da tukwanen aro. Na ba ta. Ina zaune a kan tabarma a ƙofar zaure. Tana murɗa makulli fankar ta ɗauka da ƙara. Ta leƙo ta taga, a karon farko tun zuwanta na ga haƙoranta. "Direk? Baba, kai? Wa ya ci Metir da yaƙi? Ina littafin?"

Muryar uwarta ce sak.

Na ce ta kashe motar ta zo ta zauna. Ban tsara komai ba. Na fara daga motocin auduga na bi da bi, kamar mai ba da rahoto. Ban rage ba. Na faɗi littafin, na faɗi ruwan masu wankin babura, na faɗi motocin da suka wuce ban ɗaga musu hannu ba. Na faɗi maganar Adoum ta bara da gwajin da na yi ranar Litinin. Tana kallon ƙasa. Da na gama ta ce, "Minti nawa?" Na ce arba'in.

Na tambaye ta abin da nake tsoro. Na ce, ke kin san aikin nan, da mun isa da wuri fa? Na so ta yi mini irin ta Adoum. Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Wataƙila. Wasu suna tashi, wasu ba sa tashi." Ba ta ƙara ba.

Sai na ce akwai saƙo. Ta ɗago kai. Na faɗa mata kalma da kalma yadda na rubuta a nan. Ta ce, "Ba haka Inna za ta ce ba. Yarinyar nan za ta ce." Na ce da sunan ta faɗa, sau biyu, kuma ta ce in gaya miki da sunan ta faɗa. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce in sake yadda ta faɗa, da yadda ta ja shi. Na gwada, muryata ba ta kai ba. Ta kifa kai a gwiwa. Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin wannan kukan ba, kuma ban isa in taɓa ta ba.

Da ta natsu ta share fuska ta ce, "Kwana arba'in kana jina ina kuka a waya." Ba tambaya ba ce. Ta tashi ta shiga ɗakin uwarta ta rufo ƙofa. Tukwanen suna cikin mota har yanzu.

Litinin, 19 ga Mayu

Ta dafa, ta ajiye mini a ƙofa, ta koma. "Ina kwana" da "ga abinci", iyakarta ke nan. Ban ga laifinta ba. Ta ce tun farko ranar Talata za ta koma.

Talata, 20 ga Mayu

Ranar ƙasa, ana fareti a gari. Na zauna inda zan ga ƙofar ɗakin, ina jiran ta fito da jaka. Ta fito da tsintsiya. Da azahar na ji tana waya da wurin aikinta, da Faransanci, tana neman ƙarin kwanaki. Ban ji nawa ba, ban tambaya ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Da safe ta tsaya a kaina da mayafinta, makulli a hannu. Ta ce, "Tashi, za a duba ƙafafun nan da zuciyar." Na buɗe baki in ce zafi ne kawai. Ta kalle ni. Na tashi na sa hula. Ba don komai ba, don kada a yi ta magana.

Na nufi ƙofar direba, ta ce, "Zagaya." Shekara ashirin da uku da motar nan, ban taɓa zama a wancan gefen ba. Kujerar a matse take gaba, daidai tsawon Iyatu. Ban ja ta baya ba.

Muka iso bakin gada. Ta rage gudu ta ce, "Ina ne?" Na nuna mata, gaban masu wankin babura kaɗan. Ta gangara ta tsaya, ba ta kashe motar ba. Ta kalli wurin. Babu komai a wurin, ƙasa ce da ledoji. Ta yi addu'a a hankali, na ce amin, ta shafa. Sannan ta ce, "Ban huce ba, Baba. Kada ka zaci na huce." Na ce na sani. Ta sa giya muka hau gada.

Likita ya ba da ƙwayoyi iri uku, ya ce in dawo bayan mako biyu. Nafisatu ta karɓi takardar ta sa a jakarta, ba ta ba ni ba.

Ban rufe ido a kan gadar ba, zuwa da dawowa. Daga wannan kujerar ana ganin kogin sosai. Ruwa ya ja baya, mata suna shanya a kan yashi. Ashe abin da take kallo ke nan duk shekarun nan, ni ina kallon allura.